Sawun Tsattsewa a Hayyin Ashir

Ranar Juma'a da hantsi aka tarar babu motar Alhaji Abdussalam Yelwa a garejin da ke ƙarƙashin benensu a unguwar Hay el-Sabi' ta birnin Alƙahira. Tamfol ɗin da ake lulluɓe ta da shi kaɗai aka samu yashe a ƙasa. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a ɓalle ƙofa ba.

Kafin Ya'ƙub ya iso, garejin ya cika maƙil. Ga ɗaliban jami'ar Azhar na benen da ke kallon nasu, ga matan ma'aikatan ofishin jakadanci, ga bawwab, wato mai gadin benen, yana ta rantsuwa da Larabci cewa shi bai ji komai ba. Kowa ya tattake ƙasa son ransa. Ya'ƙub ya tsaya a bakin gangaren yana kallon ƙafafunsu, ransa na ɓaci.

Ya daɗe yana bin sawun motocin sata tsakanin Sakkwato da Illela kafin ya ajiye kakin ɗan sanda, sawun kuwa a wurin mahaifinsa ya koya, wanda maharbi ne. Ba aiki ya kawo shi Masar ba. Matarsa Husseina ya kawo wankin ƙoda, kuma zaman bencin asibiti ya kusa haukata shi. Shi ya sa da Nana Fatima, 'yar Alhajin, ta kira shi a waya, ko shayinsa bai tsaya ƙarasawa ba.

"Kawu, da ba a wahalar da kai ba," in ji Munir, wan Nana, yana juya wayarsa a hannu. "Ɓarawon ai mun san shi. Osama ne."

"Wane ne Osama?"

"Bakaniken Abba. Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro shi. Shi kaɗai ke da makullin garejin nan ban da Abba. A makon nan ya tayar da injin motar bayan ta shekara da shekaru a mace, yau kuma ta ɓace. Wayarsa a kashe tun safe. Me ya rage?"

"Dama na faɗa," wata mata ta ce daga baya. "Mutumin da ba a san asalinsa ba a ba shi makulli?"

Nana ta matso kusa da Ya'ƙub, ta rage murya. "Kawu, takardar zamansa ta ƙare, yana jiran sabuwa. In 'yan sanda suka riƙe shi, ko da shi ko ba shi ba, mota za a saka shi a mayar da shi iyaka. Na roƙi Yaya ya ba mu zuwa magariba."

"Magariba, khalas, shi ke nan," in ji Munir. "Ana kiran salla zan kira su."

Ya'ƙub ya bi gefen bango inda ba a taka ba, ya durƙusa. A bangon baya akwai baƙin tabon hayaƙi guda biyu kusa da juna, sabo fil. A kan gangaren kuma ga sawun taya siriri, kamar na babur, da zane irin na da wanda bai taɓa gani ba. Sawun ya haye gangaren da numfashi ɗaya. Bai ja baya ba, bai yi tuntuɓe ba.

"Ba tura ta aka yi ba, ba a kuma ɗora ta a kan wata mota ba," ya ce. "Tuƙa ta aka yi. Wanda ya tuƙa ta kuwa ya san hannunta."

"To ka ji," in ji Munir.

*

Alhaji Abdussalam na zaune a bakin taga a hawa na huɗu, shayi ya huce a gabansa. Tsohon ma'aikacin jakadanci ne da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Ƙaramin mutum ne, mai gilashi mai kauri. Tun aikin baya da aka yi masa ƙafarsa ta hagu ta mutu, sai dai ya ja ta, yana dogara wata sanda mai ƙafafu uku na roba. Idonsa ma ya yi rauni, har 'ya'yansa suka karɓe makullin motarsa ta hawa.

"Ranka ya daɗe, Allah ya mayar da alheri," in ji Ya'ƙub. "Ni motar ban taɓa ganinta ba. Faɗa mini abin da nake nema."

Nan take maganar ta ɓalle wa tsohon kamar ba ya iya riƙe ta.

"Tavelli Rondine sunanta. Rondine da Italiyanci tsattsewa ke nan. Wani maƙeri ne a Modena, Tavelli, da yaƙin duniya jikin jiragen sama yake bugawa. Da aka gama yaƙi ya koma buga jikin mota. Guda bakwai kacal ya ƙera a rayuwarsa. Ba inji ke matse jikin ba, Malam Ya'ƙub. Alminiyam yake ɗorawa a kan kututturen itace ya yi ta dukansa da guduma har ya lanƙwasa yadda yake so. In ka shafa gefen dama ka shafa na hagu, za ka ji ba daidai suke ba, kamar fuskar mutum. Bayanta ya rabu biyu kamar wutsiyar tsattsewa. Ja ce, ba ta da rufi, tsayinta bai wuce ƙuguna ba."

"Yaya aka yi ta zo Masar?"

"Ƙanen maƙerin ɗan kasuwar auduga ne a Iskandariyya. Da Turawa suka kwashe kayansu suka bar ƙasar, ita aka bar ta. Ina ƙaramin ma'aikaci na gan ta a bayan wani gida, tattabaru sun yi sheƙa a kujerarta. Tun daga ranar nake gyaranta. Bakanike nawa suka gwada suka kasa, sai wannan yaron."

"Kana zarginsa?"

"A'a!" Ya faɗa da ƙarfi har Nana ta leƙo daga kicin. Ya sassauta. "Osama ba zai yi ba. Ni da za a ji tawa, a bar maganar. Ƙarfe ne. A bar wa Allah."

Ya'ƙub ya lura hannun tsohon bai daina murza kan sandar ba. Ya ga mutane da yawa da aka yi wa sata, wasu zagi suke yi, wasu kuka, wasu kuma su yi sanyi haka. Ya ɗauki na tsohon a matsayin baƙin ciki, ya miƙe.

A bakin ƙofa Nana ta tare shi. "Akwai wata Baturiya, Kiyara Tavelli, jikar maƙerin. Ta zo makon jiya tana son motar don gidan tarihinsu. Abba ya ce ko gawarsa ba za ta sayar ba. Ta fita tana hawaye."

*

A wani ƙaramin otal a unguwar Masr el-Gadida ya same ta, doguwar mace mai furfura, akwatinta ma ba ta kwance ba. Ma'aikacin otal ya riga ya gaya masa da safiyar nan jirgin ƙasa ya sauke ta daga Aswan. Da Turanci suka yi magana. Da ya ce mata motar ta ɓace, sai ta zauna a hannun kujera ta dafe kai.

"Ita ce ta ƙarshe da ba a taɓa ba," ta ce. "Biyu sun ƙone a tsere, ɗaya ta nutse da jirgin ruwa, sauran an canza musu jiki har kakana da zai dawo ba zai gane su ba. Wannan ko fentin cikin ƙofarta nasa ne."

"In ɓarawo ya ɗauka, wa zai sayar wa?"

"Babu. Duk mai sha'awar irinta a duniya ya san ta. Kamar mutum ya saci hasumiyar masallaci ne." Ta share ido. "Kuma ba kowa ke iya zama a ciki ba. Kakana ba ya ƙera mota sai ya auna mai ita, kamar tela. Kujerar ba ta matsawa gaba ko baya. Sitiyarin a dama yake, irin na motocin tsere na lokacin. Ƙanensa gajere ne, don haka dogo ko gwiwarsa ba za ta shige ƙarƙashin sitiyarin ba."

"Ban da ke, wa ya yi miki maganar sayarwa?"

"Ɗan gidan. Ya biyo ni har nan. Ya ce in na yarda, zai fitar da ita ba tare da uban ya sani ba, daga baya ya lallashe shi. Na ce masa ba na sayen abin da aka raba da mai shi yana barci."

Ya'ƙub ya fito bakin titi, ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Munir gajere ne kamar ubansa. Munir ne kuma ya fi kowa ɗokin a kama Osama. Wayar Ya'ƙub ta yi ƙara, Husseina ce, tana tambaya ko zai zo ya ɗauke ta in an cire mata na'ura.

"Ina nan tafe, ki yi haƙuri. Wani ɗan aiki ne."

"Na ji a muryarka," ta ce. "Rabon da in ji ka haka tun Sakkwato. Je ka, zan hau tasi."

Bai koma wurin Munir ba. Mahaifinsa ya koya masa kada ya bar sawu ya bi zato. Ya tsayar da mikrobas, ƙaramar bas ta haya, mai zuwa Hayyin Ashir, unguwar Osama.

*

An sauko daga Juma'a, lungunan sun cika da 'yan Sudan da fararen jallabiyoyi da ƙarar tuk-tuk, babura masu ƙafa uku. Shagon Osama a rufe yake. A gabansa akwai wurin mai shayi, amma babu mai shayin. An jingine kujerun roba a bango, biyu a karye. An share fasassun kofuna an tara a gefe, an kuma zuba yashi a kan wani faffaɗan tabo a ƙasa.

Ya'ƙub ya ture yashin da gefen takalminsa. Jini ne. Kusa da shi, a cikin laimar ruwan shayin da ya zube, ga sawun taya siriri mai zanen da.

Motar ta zo ƙofar Osama.

"Wa kake nema, ya Hajj?" Wani mai kanti ne a maƙwabta, da Hausarsa ta Sudan. Ya ce sunansa Ishaq.

"Me ya faru a nan?"

"Mawada aka buge, ƙanwar Osama. Ita ke sayar da shayi a nan. Bayan asuba tana jera kujeru, muna zaune a masallaci muna lazimi, rana na fitowa, muka ji wani ruri kamar jirgi zai sauka a lungun, sai ƙara. Kafin mu fito babu mota, sai ita a kwance."

"Osama fa, yana ina lokacin?"

"Kafaɗarsa na jikin tawa a sahu, ba mu tashi ba tun da aka idar. Shi ya ɗauke ta da hannunsa."

"An kira 'yan sanda?"

Ishaq ya dube shi kamar ya yi maganar yara. "A nan? In sun zo, takardu za su fara tambaya kafin su tambayi jini."

Asibitin ƙarami ne, a ƙarshen layin. Ya'ƙub ya tarar da Osama a tsaye a baranda, rigarsa duk jini ya bushe. Sai da ya ɗaga kai sosai kafin ya ga fuskarsa, don mutumin kansa ya kusa taɓa saman ƙofa.

"Yaya jikinta?"

"Ƙugu ya karye, da cinya. Sun ce za ta rayu. Tafiya kuma sai abin da Allah ya yi."

"Ka san motar Alhaji ta ɓace? Ka san kai ake zargi?"

"Na zata."

"Ka taɓa tuƙa ta?"

"Dube ni, ya Hajj. Ko zama ban taɓa yi a ciki ba. Daga waje nake sa hannu in murza makulli."

"Ƙanwarka ta ga motar da ta buge ta?"

Osama ya juya yana kallon titi.

"Ta gani," in ji Ya'ƙub. "Ta kuma faɗa maka. Kai ma ka san wanda ke ciki. Munir ne?"

"Ban ce ba."

"Magariba na yi za su kira maka 'yan sanda. Wa zai zauna da ita in an tafi da kai?"

"Ranar da na shigo garin nan da ita da jaka ɗaya, gidan Alhaji ne ya buɗe mana ƙofa," in ji Osama a hankali. "Akwai gurasa da gishiri tsakaninmu, mun ci abincinsu. Kuma ko na faɗa, ni wa? Wa zai ji nawa a kan nasu? Ma'alish, yi haƙuri, ka bar ni."

*

Ya'ƙub ya koma wurin tabon. Abin da ya hango ɗazu yana nan: ɗigon ruwa mai tsatsa da ya bushe ya bar jan layi a kan kwalta. Lagireton motar ya fashe a karon. Motar da ke zubar da ruwa haka ba ta nisa.

Ya bi layin da kai a sunkuye, masu tuk-tuk na yi masa ihu. Layin ya sha kwana, ya tsallaka babban titi, ya zama ɗigo ɗaiɗai, sannan ya ɓace ƙarƙashin tayoyin jama'a. Ya tsaya, gumi na bin bayansa. Ya shiga lungun dama bai samu komai ba, ya dawo. Ya shiga na hagu, wata mata ta watso ruwan wanki daga sama ya kusa sauka a kansa. Rana ta fara karkata. Ya zagaya, ya sake zagayawa, yana faɗaɗa da'irar kamar yadda ake yi in sawun barewa ya hau dutse.

A bakin wani bene da ba a gama ginawa ba ya sake ganin ɗigon. A ƙasan benen mutanen unguwa ke ajiye motoci. Can ciki, bayan tarin bulo, an lulluɓe wani abu gajere da rigar wata motar da ta yi masa yawa.

Ya yaye.

Ko da hancinta a lotse da fitila ɗaya a fashe, sai da ya ja numfashi. Ba ta yi kama da abin da aka ƙera ba, ta fi kama da abin da ruwa ya daɗe yana gogewa. Ya sa tafin hannu a gefenta, ya ji ƙananan tabban guduma a ƙarƙashin fentin.

Ƙasan wurin garin siminti ne, mai riƙe sawu fiye da yashin rafi. Ya zagaya ƙofar dama. Mutum ɗaya ne ya fito daga motar. Ga takalmin dama ya fito sarai. A inda na hagu ya kamata ya kasance, dogon layi ne na abin da ake ja. A gefe kuma, ɗigo uku, ɗigo uku, ɗigo uku, har bakin titi.

Ya'ƙub ya daɗe a tsugune. Idonsa ya gama karantawa amma kansa ya ƙi yarda. Tsohuwar motar tsere, kulocinta sai ƙato ya taka da ƙarfi. Yaya mai matacciyar ƙafar hagu zai haye da ita wancan gangaren da numfashi ɗaya?

Ya leƙa ƙarƙashin sitiyarin. Abin takawa biyu ne kawai, totur da birki. A jikin sandar giya kuma akwai wani ɗan marfi na ƙarfe, kamar birkin keke, ya sha hannu har yana ƙyalli.

Ya kira Kiyara. "Na same ta. Ina kulocinta?"

"A hannu yake," ta ce. "Ban gaya maka ba? Shan inna ya kashe wa ƙanen kakana ƙafar hagu tun yana yaro. Don shi aka ƙera ta, don ya tuƙa kamar kowa. Ita kaɗai ce haka a cikin bakwai ɗin."

*

Kafin magariba ya tara su a falon Alhaji. Munir na tsaye bakin taga da waya a hannu, Nana na zaune kusa da ubanta, Kiyara a gefe, bawwab a bakin ƙofa. Osama ya zo ne don Ya'ƙub ya ce in bai zo ba shi zai kwana a barandar asibitin. Ya ƙi zama.

"An ga motar," in ji Ya'ƙub. "Tana Hayyin Ashir."

"Unguwarsa!" Munir ya nuna Osama. "Me na ce muku?"

"Unguwarsa ce. Amma lokacin da motar ta shiga layinsu yana masallaci tun asuba, maƙwabcinsa ya shaida. Kuma kujerar ba ta ɗaukar dogo. Baƙuwarmu tana cikin jirgin Aswan. Kai ne na fi daɗewa a kanka, Munir, tun da na ji ka je otal ka ce za ka fitar da motar a ɓoye."

Nana ta juyo ta dubi wanta.

"Magana ce kawai na yi," in ji Munir. "Wallahi ko tayar da ita ban iya ba."

"Na yarda. Ka taɓa leƙa cikinta?"

"Abba ba ya bari a yaye tamfol ɗin."

"Da ka leƙa, da ka ga ba a taka kulocinta da ƙafa. Da hannu ake matsa shi. Kun karɓe makullin motar hawa, kun bar wannan, don kun ɗauka mai ƙafa ɗaya ba zai iya da ita ba. Alhali a duk Alƙahira babu motar da ta dace da shi kamarta." Ya juya ga tsohon, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, da sassafen yau motar nan ta buge wata mata mai shayi, ƙanwar Osama. Ƙugunta ya karye. A inda aka ɓoye motar na ga sawun wanda ya fito daga ciki. Ka ara mini sandarka in duba ƙasanta, ko kuwa ka hutar da ni?"

Daga nesa wani masallaci ya fara gwada lasifika.

Alhaji Abdussalam bai miƙa sandar ba. Ya cire gilashinsa ya riƙe a cinya.

"So na yi in kai masa ita ya gani tana tafiya," ya ce. "Shi ya tayar da ita, bai taɓa ganinta a kan titi ba. Na ce Juma'a ce, gari babu kowa, in je in dawo kafin ku tashi. Ta tafi kamar... ban taɓa jin abu haka ba. Na shiga layin, rana ta fito ta cika mini ido. Na ji na bugi wani abu. Na ɗauka tebur ne. Wallahi ban gan ta ba."

"Abba," in ji Nana.

"Da na dawo a tasi na ji ana cewa sata, sai na yi shiru. Na ce zuwa anjima zan faɗa. Anjima ta yi ta zuwa."

"Ana kiran sunan yaron nan a ƙasan benenka tun safe," in ji Ya'ƙub.

Munir ya ajiye wayar, ya shiga kai da kawo. "To, tamam, ya isa. Magana ta tsaya a ɗakin nan. Mu ɗauki nauyin asibiti, mu mayar da ita babban asibiti yau ɗin nan. Osama, ka ji? Ba sai kowa ya sani ba. Sunan Abba..."

"Da safe sunana ne a bakinka," in ji Osama. Shi ne karo na farko da ya yi magana. "Ba ka ce ya tsaya a ɗaki ba."

Tsohon ya dafa sandar ya yunƙura. Nana ta kai hannu, ya girgiza kai.

"Ku kai ni wurinta."

*

Mawada na kwance an ɗaure mata ƙafa da ƙarfe, siririyar mace da ƙunshi a yatsu. Ɗakin ƙarami ne, don haka Ya'ƙub ya tsaya daga bakin ƙofa. Alhaji ya ja ƙafarsa har gaban gadon.

"'Yata, ni ne. Ni na buge ki. Rana ce ta shiga idona, ban gan ki ba. Na ɗauka..."

"Na san kai ne, Baba," ta ce. Muryarta a dishe take, amma babu rawa a cikinta. "Kafin ka buge ni ba ka gan ni ba, wannan na yarda. Amma ka tsaya. Ka ja baya kaɗan, ka leƙo ta gefen motar. Na ɗago hannu na ce, Baba Alhaji. Ka dube ni. Sannan ka tafi."

Nana ta toshe bakinta da mayafi. Ya'ƙub ya ga bayan tsohon ya ƙara ranƙwafawa, ya zaci zai faɗi, har ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Haka ne," in ji Alhaji Abdussalam. "Haka aka yi. Na gan ki."

Ya tsaya kamar yana jiran ta ƙara wani abu. Ta juya fuskarta bango, Osama ya gyara mata bargo.

Tsohon ya fito baranda, ya wuce 'ya'yansa bai dube su ba, ya tsaya a gaban Ya'ƙub.

"Malam Ya'ƙub, kai ka san aikin. In mutum ya kai kansa wurin 'yan sanda, dole sai an nemi takardun wadda aka buge da na ɗan'uwanta?"

"Zan tsaya a kai iyakar ƙarfina, ranka ya daɗe. Amma a kira lauya ya riga mu isa, saboda su. Kai kuma ka faɗi abin da ka faɗa yanzu, ba na falo ba."

"Na yanzu zan faɗa. Nana, kira lauyan."

Munir ya ce a bari sai da safe. Uban ya miƙa wa Ya'ƙub hannunsa na hagu, Ya'ƙub ya riƙe, suka fara sauka matakalar a hankali.